Gyambon Baki: A Duba Kafin A Shafa

A Makango, inda jirgin fito da ke tasowa daga Yeji yake sauke mutane da motoci a bakin Tafkin Bolta, ba sai ka daɗe a tasha ba za ka ga yaro goye a bayan uwarsa, leɓunansa sun rine da shuɗin maganin nan da ake kira jibi. Haka abin yake a zangon Salaga, haka a Yendi, haka a Bawku. Maganin yana da araha, yana nan a kowane shagon magani, kuma yana da ranarsa, don yana kashe farin fangas ɗin da ke lulluɓe harshen jarirai. Inda gizo ke saƙar shi ne, mun mai da shi abin da ake fara kaiwa ga kowane miki da ya fito a baki. Wasu garin bagaruwa suke barbaɗawa, wasu alif, wasu su fasa kafso su zazzage a kai. Kwana biyar ana haka, ranar da aka gaji aka kai yaro asibiti, nas ta buɗe bakinsa ba ta ganin komai sai shuɗi. Launin mikin, kamannin gefensa, ko dasashi ya fara ruɓewa, duk abin da zai gaya mata wace cuta ce an riga an binne shi.

Gyambon baki alama ce, kuma cututtukan da ke iya haifar da ita sun fi a ƙirga da yatsu, daga wadda za ta warke da kanta har wadda za ta cinye kuncin yaro kafin sati ya zagayo. Dalilin yawansu yana cikin halittar bakin kansa. Fatar cikin baki siririya ce, jiki kuma yana sabunta ta cikin 'yan makonni. Ga ɗaruruwan ire-iren bakteriya da ke zaune a can dare da rana, ba sa taɓa kowa muddin garkuwar jiki tana tsaye. Da zarar jini ya yi ƙasa, ko abinci ya gaza, ko wata cuta ta karya garkuwa, wannan siririyar fata ce kan fara nunawa. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya sallamar majinyaci bai ce ya buɗe baki ba.

Ba kowane miki ne abin tashin hankali ba. Ƙayar kifi kan soki dasashi, kuma a garin masunta irin Makango wannan ba labari ba ne. Koko mai zafi kan ƙona ganɗa, karyayyen haƙori kan gogi harshe. A kawar da abin da ke gogar, mikin ya rufe cikin kwana goma. Akwai kuma wanda likitoci ke kira afta, da kan damu kusan mutum ɗaya cikin biyar: ƙaramin miki zagayayye, tsakiyarsa fari-fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja, a cikin leɓe ko kunci ko ƙarƙashin harshe. Yana da raɗaɗi in an ci yaji, amma ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yakan tafi cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ya ishe shi. In yana yawan dawowa sai a auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe ko folik asid ko bitamin B12 na janyo shi, mata masu ciki da masu shayarwa a arewacin Gana kuwa sun san ƙarancin jini sarai.

A wurin ƙananan yara labarin kan zo da zazzaɓi. Ɗan shekara biyu ya wayi gari jiki rau, dasashi ya kumbura ya yi jawur, ƙuraje masu ruwa sun feso a harshe da leɓe sun farfashe, yawu na dalala, ya ƙi nono ya ƙi koko. Kaka ta ce haƙori ne. Galibi ba haƙori ba ne, bairos ɗin hafis ne ya shiga jikin yaron karon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi. Yakan lafa cikin mako biyu, sai ya ɓuya a jijiya, ya riƙa leƙowa a gefen leɓe duk lokacin da maleriya ta kayar da mutum, abin da muke cewa zazzaɓi ya fito. Abin tsoro ga yaro a nan shi ne ƙin shan ruwa. Yaron da ya wuni bai yi fitsari ba, a asibiti ya kamata ya kwana. In aka ga irin ƙurajen har a tafin hannu da tafin ƙafa, wani bairos ne dabam da ke zagaya makarantu, shi ma yakan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Ƙarambau kan shiga baki, haka ma ƙyandar biri, wadda Gana ta yi fama da ita a 2022 ta sake yi a 2025.

Baƙon dauro, wato ƙyanda, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen jiki su fito, akan ga 'yan ɗige-ɗige farare a cikin kunci, daura da turamen haƙora. Wani likitan yara a Amurka, Henry Koplik, shi ya bayyana su a 1896. Wanda ya san su zai gane ƙyanda tun ba ta bayyana ba, ya raba yaron da sauran yaran gida. A farkon 2023, lokacin da alluran rigakafin yara suka yanke a asibitocin Gana, cutar ta ɓulla a Yankin Arewa, inda Yendi take. Ɓarnar ƙyanda ba ta ƙarewa da bushewar ƙuraje. Tana zuƙe bitamin A, tana barin garkuwar yaro a kwance na tsawon watanni, bakinsa kuma a saluɓe. Binciken da aka yi a yankin Navrongo tsakanin 1989 da 1991 ya nuna cewa ba yara bitamin A ya rage mace-macensu da kashi 19 cikin 100. Wannan ɗan kafson da ake matsa wa yaro a baki ranar awo ba wasa ba ne, haka ma allurar rigakafin ƙyanda ta wata 9 da ta wata 18.

A bakin irin wannan yaron, wanda ƙyanda ko maleriya ta tashi a kansa, tamowa kuma ta riga ta rame shi, cutar zaizayar baki take samun ƙofa. Likitoci suna ce mata noma. Ba daga waje take zuwa ba, bakteriyar da ke zaune a bakin ne ke juyowa su ci naman mai su in sun tarar ba mai tsaro. Takan fara da ɗan miki a dasashi, tsakanin haƙora, yana jini in an taɓa. Alamar da uwa za ta fara kamawa ita ce wari, wani irin ɗoyi da bai yi kama da warin bakin safiya ba. Bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura ya yi tauri. Daga nan wani baƙin tabo ya bayyana a waje, naman wurin ya mutu, ya zube, ya bar rami har ana hango haƙora da ƙashi. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, wato daidai lokacin yaye da bayansa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa in ba a yi magani ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a matakin wari da jinin dasashi maganinta yana nan a kusan kowace ƙaramar cibiyar lafiya: amoksisilin da metronidazol, wanke baki, da abinci mai gina jiki. Kwana uku na jinkiri ne ke raba yaron da zai warke sumul da wanda zai yi shekaru yana jiran a ɗinke masa fuska, yana ɓoye a ɗaki, ba makaranta ba wasa. A Sakkwato an buɗe asibiti musamman saboda wannan cuta a 1999, ƙungiyar likitocin MSF kuma tana aiki a cikinsa tun 2014. Nijeriya ce ta jagoranci neman a saka noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi watsi da su, aka kuma amince a Disamban 2023. Kada wani ya ce wannan ciwon mutanen Sakkwato da Damagaram ne. Burkina Faso da Togo, ƙasashe biyun da Bawku ke zaune a bakin iyakarsu, duk suna cikin shirin yaƙi da noma na Hukumar Lafiya reshen Afirka. Gero ɗaya ake ci, rumbu kuma lokaci ɗaya yake ƙarewa a tsakiyar damina. Binciken lafiyar jama'a na Gana na 2022 ya samu kashi 30 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Yankin Arewa sun tsumbure, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 18 ne. Duk inda aka haɗa tamowa da ƙyanda da nisan asibiti, an shirya wa noma wuri.

Ga manya tambayoyin kan canza. Farin fangas a harshen jariri abu ne da aka saba. Amma magidanci ɗan shekara arba'in da farin abu ya lulluɓe masa harshe da ganɗa, in an kankare ya bar ja mai zafi, wannan sai an nemi dalili. Yana iya zama ciwon suga, yana iya zama yawan shan kafso ba ƙa'ida, ko ƙwayoyin sitiroyid da wasu mata ke sha don ƙiba, yana kuma iya zama ƙanjamau. Sau da yawa baki ne ke fara tona asirin wannan cuta: fangas da ke dawowa bayan magani, fararen layuka a gefen harshe da ba sa kankaruwa, manyan miki masu zurfi da kan yi wata ba su rufe ba, ko wani tabo ja mai duhu a ganɗa. Mutum sama da 330,000 ke ɗauke da ita a Gana. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, minti ashirin, kuma maganin kyauta ne. Tun 2023 har akwai abin gwajin da mutum zai yi da kansa a ɗakinsa. A zango kowa ya san kowa, kunya kuma tana hana mutane tsayawa a layin gwaji. Na fahimci wannan kunyar, amma wanda ya fara magani da wuri yana tsufa a cikin iyalinsa, yana zuwa kasuwarsa, ba mai gane komai a fuskarsa.

Mutanenmu sun fi gudun miki mai zafi, likita kuwa ya fi tsoron wanda ba ya zafi. Tunjere, in ta baki ta shiga, takan fara da miki guda, mai tauri, marar ciwo, a leɓe ko harshe, da kaluluwa a wuya. Yakan ɓace da kansa cikin makonni uku zuwa shida, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali cutar ta shige jini. Gwajinta mai sauƙi ne, irin wanda ake wa masu ciki a wurin awo, allurar fenisilin kuma tana kashe ta. Tarin fuka ma kan fito a harshe, duk da ba kasafai ba, a matsayin miki mai zurfi da ya ƙi jin kowane magani. In mai shi yana tari, yana rama, yana gumin dare, majinarsa za a auna.

Akwai kuma wani rukuni da ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa naman mai ita. Waɗannan su ne suka fi wahalar da mutane a yankinmu, don ba a cika tunaninsu ba, sai a yi shekaru ana maganin taifot da maleriya da sammu. Ɗauki lufus. Ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, kuma ta fi tsanani a baƙar fata. Mikinta a ganɗa yake zama, sau da yawa ba zafi, don haka mai shi ba ta ma san yana nan ba sai an haska. Tare da shi akwai ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, tabo a kumatu da rana ke tsanantawa, zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba, wani lokaci da ɓari a kai a kai. In aka bar ta sai ta kai ga ƙoda. Nas ɗin da ta haɗa waɗannan alamu ta kuma auna fitsari ta ga furotin a ciki, ta riga ta yi rabin aikin, saura gwajin jini na musamman a babban asibiti.

Cutar Behcet, wadda wani likitan fata Baturke, Hulusi Behcet, ya bayyana a 1937, tana zuwa da miki mai kama da afta, sai dai yana dawowa aƙalla sau uku a shekara, ga makamancinsa a al'aura, ga jan ido mai iya makantarwa. Ba gwajin jini guda da ke tabbatar da ita, labarin majinyaci ne ke nuna ta. To ina saurayi ko amarya za su faɗi maganar al'aura ba a tambaye su ba? Wanda ya je asibitin Presbyterian na Bawku, wanda ya yi suna a aikin ido, da jan ido mai dawowa, ya kamata ya faɗi maganar bakinsa ko ba a tambaya ba. Sai famfigus, wadda a fiye da rabin masu ita daga baki take farawa: fatar ciki ta riƙa saɓulewa, wata da watanni, kafin bororo ya fito a jiki. Ita sai an yanki ɗan nama an duba a na'ura ake tabbatarwa. Ciwon hanji mai daɗewa da sankarar jini su ma kan fara sallama ta baki.

Cututtukan rikicewar garkuwa ana danne su da sitiroyid, kuma a nan haɗarin sayen magani a kan tebur yake. Ƙwayar da ke kwantar da lufus ita ce ke hura wutar fangas da hafis da tarin fuka. Wanda ya sha ta bisa shawarar maƙwabci, bai san wace cuta yake da ita ba, caca yake da ransa. Magani ma da kansa yana iya zama sanadi. Seftirin, wasu magungunan farfaɗiya, da alofurinol na ciwon gaɓoɓi, kan sa wasu mutane ƙalilan su saɓule: leɓuna su farfashe su yi ɓawon jini, idanu su yi ja, fata ta fara tashi, yawanci cikin makonnin farko da fara sha. Wannan ba ya jiran gari ya waye. A tsai da maganin, a ɗauki kwalinsa a tafi da shi asibiti.

Salaga garin goro ne tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano, kuma har yau bakin dattawanmu ba ya rabo da shi. Jan goro yana ɓoye abin da ke ƙarƙashi, amma babban mai laifi wajen sankarar baki shi ne taba, musamman garin taba da ake haɗawa da kanwa a danna tsakanin leɓe da dasashi. Miki guda da ya wuce mako uku, gefensa ya yi tauri ya ɗago, a gefen harshe ko ƙasan baki ko daidai inda ake ajiye tabar, ana ɗaukarsa a matsayin sankara har sai gwajin nama ya wanke shi. Tun yana ƙarami ana iya cire shi a rayu. In ya kai wuya, aiki ya yi nisa.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk abin da ya bambanta waɗannan cututtuka ba ya buƙatar na'ura. Yana buƙatar tocila, hannu mai tsabta, da haƙurin tambaya. Hajiya, yau kwanansa nawa? Ya taɓa yi a baya? Guda ne ko da yawa? Yana zafi? Ya yi ƙyanda kwanan nan? Baba, wane magani kake sha, kuma kana sa taba? Akwai makamancinsa a wani wuri a jiki? Bayan haka a duba kowane lungu, a ɗaga harshe, a shafa wuya a ji kaluluwa, a kalli ido da fata da tafin hannu, yaro kuma a auna damtsensa. Gwajin jini na yau da kullum, na suga, na ƙanjamau da na tunjere duk ana yi a asibitocin Salaga da Yendi da Bawku. Abin da ya fi ƙarfinsu, irin gwajin nama da na lufus, shi ne ake turawa Asibitin Koyarwa na Tamale, kimanin kilomita 120 daga Salaga. Tafiya ce mai cin kuɗi ga manomi ko masunci, shi ya sa ya zama dole wanda ya fara ganin majinyaci ya san wa zai tura, wa zai riƙe.

Likitocin haƙori a Gana mafi yawansu suna Akra da Kumasi, kuma wannan ba zai sauya bana ko baɗi ba. Wanda ke ganin bakin yaron ƙauye shi ne nas ɗin cibiyar CHPS, tsarin kai kiwon lafiya ƙauyuka da aka haifa a Navrongo aka yaɗa shi ƙasar baki ɗaya. Ina roƙon Hukumar Lafiya ta Gana ta mai da duba bakin yaro wani ɓangare na awo, kamar yadda ake ɗora shi a sikeli, ta kuma koya wa waɗannan ma'aikata matakan noma da hotuna. Masu shagon magani su daina miƙa sitiroyid ga wanda bai zo da takardar likita ba. Limamai da sarakunan zango da magajiyoyi su faɗa a masallaci da wurin suna da biki, da Hausa da Dagbanci da Gonjanci da Kusasanci, cewa warin baki da kumburin kunci a yaro ramamme maganar yau ce, ba ta gobe ba.

Ke kuma uwa, da kai maigida, ku sabunta katin inshorar lafiya tun lafiya na nan, don ta waya ma ana yi. In miki ya fito, ku riƙe ranar da ya fara. Yaro in ya ƙi ruwa, ko bakinsa ya yi ɗoyi, ko kuncinsa ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar, bakinsa yadda yake. Babba in mikinsa ya cika mako uku, ko yana dawowa tare da ciwon ido ko gaɓoɓi ko rama, ya je a duba, ko da ba ya jin zafin komai.